A BAR TALAKA YA TSARE KANSA A DAJI

Ya ku 'yan'uwa talakawan Ƙonni, Malbaza da Illela! Dokar farauta ta 1947 Nasara suka rubuto ta daga Faransa. Ta 29 ga Afrilu 1998 tamu ce, aikinta tsaron namun daji. Madalla. To, wa zai tsare makiyayi, da ɗan lakwal mai tafiyar ƙasa daga ƙauye zuwa Tsarnawa ko Dogarawa da asuba? Mu malamansu, mahaukacin kare muka fi ji musu tsoro, don in ciwon ya bayyana ga mutum, sai kabari.

A Kanada doka ta yarda mutum ya riƙe ruwan barkono na fesawa don korar dabba, ta hana a riƙe shi don ɗan'adam. Ingila kuwa ta lissafa shi cikin makamai, ta haramta. Mu irin ta Kanada muke so. Barkono ba ya kashe kare ko kura, kora yake yi, ma'aikatan gandun daji ma sun huta.

Hukuma ta rubuta a fili, da Hausa: wa zai riƙe, ina za a saya, nawa ne kuɗinsa. Kada a bar hukunci ga bakin jandarma a kan hanya.