Ƙaramin noti, babbar rigima: marubutan kiɗa su daina rowar tawada

A rubutun kiɗan Turai akwai alamomi uku da ke sauya sauti: ♯ tana ɗaga shi da rabin mataki, ♭ tana sauke shi da rabin mataki, ♮ kuma tana mayar da shi asalinsa. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce, alamar tana aiki a kan duk notin da ya biyo baya a wannan layi har zuwa shingen da ke rufe gidan awo. Akwai kuma 'yan notocin ado, waɗanda ake rubutawa ƙanana, a buga su da sauri kafin babban noti.

A nan rigimar take. A ce ɗan notin ado F ne mai alamar ♯, sannan can gaba a cikin gidan aka rubuta babban F ba tare da wata alama ba. Bisa ƙa'ida, wannan F ɗin ma a ɗage yake, domin ƙanƙantar noti ba ta rage wa alamarsa ƙarfi. Masu tsattsauran ra'ayi sai su ce magana ta ƙare, maimaita alamar ɓata takarda ne. Wannan ra'ayi kuskure ne.

Na farko, ƙa'idar ba daga sama ta faɗo ba. A ƙarni na 17 alamar takan tsaya ne a kan notin da ke gabanta da maimaicinsa na kusa. Dogaro da shinge ya kafu ne sannu a hankali a ƙarni na 18. A farkon ƙarni na 20 kuma Schoenberg da almajiransa suka riƙa sa alama gaban kusan kowane noti. Makaɗin yau yana karanta takardun duk waɗannan zamunna, don haka shakkunsa na da tushe.

Na biyu, ido na kallon ado a matsayin abin wucewa. Mai buga biyano ko biyolin da ke karatu cikin sauri ba ya riƙe alamar da ta kusa ɓacewa don ƙanƙanta. Sai rabin ƙungiya su buga F, sauran su buga F♯, sautuka biyu masu tazarar rabin mataki su yi karo, madugu ya tsayar da atisaye. Wannan lokaci kuwa kuɗi ne.

Masu adawa suna cewa yawan alamomi na cunkushe shafi. Gaskiya ne, amma ba a ce a zuba su ko'ina ba. Gwanin marubucin ajami ma yakan sa wasali a inda ya san mai karatu zai yi tuntuɓe. Idan ana son F♯, a sake rubuta ♯. Idan ana son F na asali, a sa ♮. Manhajoji irin su Sibelius da Dorico da MuseScore duk suna ba da damar sa alamar tunatarwa. Takardar kiɗa umarni ce ga hannu, ba jarrabawa ba ce ga makaɗi. Marubucin da ya bar shakka, ya fake da ƙa'ida, shi ne mai alhakin kuskuren da za a buga.