Fassarar Tambayoyin Raunin Ƙuruciya: Gurbin Masanin Harshe

A shekarar 1994 ne David Bernstein da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da takardar tambayoyin da aka sani da CTQ, mai auna wahalhalun da mutum ya sha yana yaro. Daga baya aka taƙaita ta daga tambaya 70 zuwa 28. Guda 25 suna auna abubuwa biyar: cin mutunci da baki, duka, lalata da yaro, rashin nuna ƙauna, da rashin kula da ci da sutura da lafiya. Sauran ukun na gano mai rufa wa gidansu asiri ne. A 2011 likitocin ƙwaƙwalwa a Koriya ta Kudu suka buga sakamakon gwajin fassararta a mujallar Psychiatry Investigation. Aiki ne abin yabo, sai dai irinsa bai kamata a bar wa likita da masanin ƙididdiga su kaɗai ba.

Hanyar da aka fi bi wajen tantance irin wannan fassara ita ce wadda Richard Brislin ya bayyana a 1970: wani ya fassara, wani dabam ya mayar da fassarar harshen asali, sannan a kwatanta. Hanyar tana kama kuskuren kalma, amma ba ta san abin da ya faɗo a zuciyar majinyaci lokacin da ya karanta tambayar ba.

Koriyawa suna da furucin da ke kiran bulalar iyaye “sandar ƙauna”, kuma sai a 2021 majalisar ƙasar ta soke sashe na 915 na dokar da ta bai wa iyaye ikon horon ƴaƴansu. Wanda ya tashi a wannan zamani, in aka tambaye shi ko an doke shi da sanda, yana iya cewa e. In aka tambaye shi ko an zalunce shi, sai ya ce a'a, domin a wurinsa tarbiyya ce. Ga kuma nahawu: aikatau a Koriyanci yana ɗaukar ɗafin girmamawa idan ana maganar iyaye. Mai fassara in ya sa ɗafin, ya sassauta zargin. In ya cire shi, jimlar ta zama rashin ladabi, mai amsa ya ƙi amincewa da ita. Ko ta wace hanya maki na iya sauka, likita ya ɗauka babu rauni, magani ya bi wata hanya, ciwo na wata.

Masu adawa suna cewa taɓa kalmomi yana hana kwatanta sakamakon ƙasa da ƙasa. Damuwarsu tana da tushe. To amma kwatanci a kan ma'ana yake tsayawa, kuma sashen rashin kula da jiki ya sha nuna rauni a fassarori da dama. Ƙididdiga tana nuna cewa tambaya ta gurgunce. Gano dalilin kuwa sai wanda ya san harshen ciki da bai.

Saboda haka wajibi ne masanin harshe ya zauna da majinyata kafin a fara ƙirga, ya ji yadda kowa ya fahimci kowace tambaya da bakinsa, ya gyara inda ma'ana ta kauce. Wannan zama ya cancanci a lissafa shi cikin sharuɗɗan amincewa da kowace fassara da za a kai asibiti.