Burga a Teburin Karta

A shekarar 2003, a birnin Las Vegas na Amurka, gasar duniya ta kartar foka ta rage saura mutum biyu cikin 839: Chris Moneymaker, akanta kuma sabon shiga, da Sam Farha, tsohon hannu. Moneymaker ya tura duk abin da ke gabansa alhali katunansa ba su da ƙarfi. Farha, wanda nasa suka fi, ya daɗe yana nazari, sannan ya janye. Daga bisani Moneymaker ya lashe dala miliyan 2.5.

Burga ta fi cin mai yawan taka-tsantsan, domin yana jiran katuna masu ƙarfi, su kuwa ba kullum suke zuwa ba. Kafin su zo, an kwashe nasa kaɗan-kaɗan.

A ganina, babbar burgar 'yan kallo aka yi wa. A 2004 mutum 2,576 suka shiga, kowace kujera dala 10,000, mafi yawansu suka fita hannu rabbana. Yau irin wannan caca tana cikin wayoyin 'ya'yanmu. Addini ya haramta ta, lissafi ma bai goyi bayanta ba. Iyaye, mu sa ido: gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.