Jirgi Maras Matuƙi Ba Na Biki Da Makoki Kaɗai Ba Ne

Makalar wannan mako ta faɗa ce, kowa ya gyara zama.

A rubutunmu jirgi maras matuƙi aiki biyu gare shi: ko yana shawagi a kan amarya wajen dina, ko yana sakin bam, kamar abin da ya faru a Tudun Biri ta jihar Kaduna a Disambar 2023. Maganar ƙera shi kuwa, babu mai taɓawa. Wannan lalaci ne.

Tun 2011 injiniyoyin Jami'ar Southampton a Ingila suka tashi jirgin da firintar 3D ta buga gangar jikinsa. Ƙaramar firintar da ake sayarwa yau narkar da zaren roba take yi, tana ɗora shi layi bisa layi kamar mai ginin tukunya, har fiffike ko ƙafa ta fito. Inji, batir da kyamara dai sai an saya. Amma in ƙafa ta karye, ba jiran kaya daga Sin, sai a sake bugawa.

Ina ruwanmu? Ku tambayi manomin shinkafar da ke shan ruwan madatsar Tiga ta Bebeji, wanda jan-baki ke cinye wa gumi. Ku tambayi mai masara a Kiru da ba ya gane tsutsa ta shiga gona sai ta gama ɓarna, ko makiyayin da aka kora wa shanu cikin dajin Falgore, tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Dukkansu ido suke buƙata daga sama. Nan maƙwabta, kamfanin Zipline ya fara kai magani asibitocin karkarar Kaduna da irin wannan jirgi tun 2022.

Wani zai ce ɓata-gari ma za su iya amfani da shi. Haka ne, shi ya sa hukumar NCAA ke neman izini kafin a tashe shi. Amma shirunmu ba zai hana ɗan bindiga koyo ba, yaron kirki kawai zai hana.

Wani kuma ya ce wannan aikin injiniya ne. To wa zai raɗa wa sassan nan sunan Hausa? Yaro ba ya mafarkin abin da bai taɓa jin sunansa ba. Mun cika Falgore da aljanu a littattafanmu, mun kasa saka yarinya ɗaya 'yar Riruwai da ta haɗa jirgi.

Aikin wannan mako: gajeren labari, jarumin maƙeri ne, firinta ce maƙerarsa. A yi bincike kafin a ɗauki alƙalami. Allah Ya sa mu dace.