Tiyata Rabin Magani Ce

Ya kai ɗalibi, buɗe tafin hannunka ka dube shi da kyau. A wannan ɗan wuri akwai ƙasusuwa 27: guda 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 kuma a yatsu. Tsokar da ke lanƙwasa yatsu, yawancinta tana tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu ne. Wasu jijiyoyi masu kama da igiya ne suke haɗa ta da yatsun. Idan jijiya ɗaya ta tsinke, yatsa yana iya daina lanƙwasuwa yadda ya kamata, ko da ƙashinsa lafiya lau yake.

Da wannan hannu ne jama'ar birnin Bauchi suke neman abinci. Da shi mahauci yake yanka nama a kasuwar Muda Lawal, tela yake juya keke a Wunti, mai markaɗe kuma yake tura gero a inji a Yelwa. Saboda haka wuƙa da zarto da inji da haɗarin babur sukan raunata shi. Masu irin wannan rauni akan kai su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wasu kuma sukan tafi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

Ra'ayina shi ne, tiyata rabin magani ce kawai. Likita zai ɗinke jijiya ko ya daidaita ƙashi cikin 'yan sa'o'i, amma sauran rabin aikin yana wuyan majinyaci da danginsa. Sau da yawa ba a ɗakin tiyata hannu yake lalacewa ba, a gida yake lalacewa. Abubuwa uku ne suke jawo haka.

Na farko shi ne gaggawa. Akan cire zaren ɗinki bayan kamar mako biyu. Da mutum ya ga fata ta haɗe, sai ya zaci ya warke. Alhali kuwa jijiyar da aka ɗinka tana buƙatar kimanin mako 12 kafin ta iya ɗaukar aiki mai nauyi. Wanda ya ɗauki bokitin ruwa a mako na huɗu yana iya tsinke ɗinkin cikin, a koma wata tiyatar da ta fi ta farko wuya da tsada. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Na biyu shi ne tsoro. Wani majinyacin yakan rungume hannunsa, ya ƙi motsa shi sam don gudun zafi. Wannan ma kuskure ne, domin jijiyar da ba ta motsi takan manne da naman da ke kewaye da ita, gaɓoɓi kuma su sandare. Shi ya sa likita yake tura majinyaci sashen gashi da motsa gaɓoɓi. A can ake koya masa motsi kaɗan-kaɗan, wanda zai riƙa maimaitawa sau da yawa a yini. Kada ya ƙara a kan abin da aka ce, kada kuma ya rage.

Na uku shi ne yawan masu ba da shawara. 'Yan dubiya sukan zo, wannan ya ce a kwance bandeji a shafa man kaza, wancan ya ce a kai wurin mai ɗori. Masu ɗori suna da daɗaɗɗen matsayi a ƙasar Hausa, amma hannun da aka yi wa tiyata ba nasu ba ne. Ɗauri mai tsanani yana hana jini gudu, kuma yatsan da jini bai kai masa ba yakan mutu, har a kai ga yanke shi.

To, mene ne ya kamata? A kwanakin farko, majinyaci ya riƙa ɗaga hannun sama da ƙirjinsa don kumburi ya sauka. Kada ruwa ya taɓa bandejin. Malamai ma sun bayyana cewa mai rauni yana iya shafa a kan ɗaurin lokacin alwala. Ya sha magani yadda aka tsara, ya guji taba sigari domin tana jinkirta warkewa. Idan yatsu suka yi sanyi ko suka sake launi, ko ciwon ya fara wari da fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti nan take.

Watakila ka ce, "Wannan magana ta masu hali ce. Leburan da sai ya fita zai ci, yaya zai zauna wata uku?" Tambayarka tana kan hanya. Amma ka auna: wata uku na ƙunci, ko kuwa sauran rayuwa da hannun da ba ya riƙe guduma? A nan ne haƙƙi ya hau kan jama'a, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan'uwa su karɓi nauyin cefane. Abokan sana'a su riƙe masa rumfarsa. 'Yan adashi su ba shi kwasa da wuri. Maigidan da yaronsa ya ji rauni a bakin aiki ya biya kuɗin magani, ya kuma ajiye masa gurbinsa.

Kai ma kana da abin yi. Idan ɗan ajinku ya dawo da hannu a ɗaure, ka ɗaukar masa jaka, ka kwafa masa darasi. Idan ya miƙo maka abu da hagu, kada ka ɗauka raini ne, lalura ce. Idan kuma a gidanku majinyacin yake, ka tuna masa da lokacin motsa yatsu da ranar komawa asibiti. Wannan ɗan taimako naka yana iya zama dalilin da tela zai sake zura zare a allura.