A Janye Afuwar Dariye Da Nyame

Shekara 11 hukumar EFCC ta yi tana jan shari'ar tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame, tun daga 2007 har zuwa 2018 da kotu ta yanke wa kowannensu ɗaurin shekara 14. Sun ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, aka rage wa Dariye zuwa 10, Nyame zuwa 12, amma laifin ya tabbata. Sai ga shi a 2022, a zama guda, Majalisar Magabata ta Ƙasa, ƙarƙashin shugaban ƙasa na lokacin Muhammadu Buhari, ta amince da yi musu afuwa, ta share duk wannan wahala. Muna kira da a janye wannan afuwa.

An ce tsufa ne da rashin lafiya, kuma sashe na 175 na kundin tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa wannan iko. Mun ji. Amma tsofaffi da marasa lafiya nawa ne a gidajen yarinmu da ba su taɓa zama gwamna ba? Akasarin mazauna waɗannan gidaje ma jiran shari'a suke yi. Akwai wanda aka kama kan wayar hannu, uwarsa ta sayar da akuyarta ta kai kuɗin beli ofishin 'yan sanda, inda aka rubuta a bango ɓaro-ɓaro cewa beli kyauta ne, kuɗin bai kai ba, har yau yana tsare ba alƙalin da ya saurare shi. Ina daidaito a gaban doka?

Sama da naira biliyan 1 da aka samu Dariye da karkatarwa daga asusun kula da muhalli suka fito. Duk wanda ya san Filato ya san tsofaffin ramukan haƙar kuza da suka cika da ruwa, suka cinye gonaki, suna cin rayukan yara. Haƙƙin waɗannan mutane aka ci, kuma ba wanda ya tambaye su ko sun yafe.

Ba mu manta da 2013 ba, lokacin da Goodluck Jonathan ya yafe wa tsohon gwamna Alamieyeseigha, 'yan adawar wancan zamani suka yi ta kumfar baki. Da alkawarin yaƙi da cin hanci suka karɓi ƙuri'armu a 2015. Yau wane jami'in bincike ne zai sake sa rayuwarsa a haɗari don kama wani babba?

Ya kamata shugaban ƙasa ya janye afuwar. Dariye da Nyame su koma gidan yari su ƙarasa wa'adin da kotu ta ɗibar musu, in ba su da lafiya a kai musu likita can.