Kimiyya a Cikin Bokitin Kamu

Duk macen da ke sayar da koko da ƙosai a Jushi ta san wani abu da ɗaliban sakandare da dama ba su sani ba. In kamu ya kwanta a gindin bokiti, ta tsiyaye ruwan, ta kai masa ludayi da ƙarfi, sai ya ƙi shiga, tamkar ta daki daɓe. In kuwa ta bi shi sannu, sai ya saki jiki ya riƙa malala. A wurinta halin kamu ne kawai, amma a wurin masana babi ne guda na ilimin abubuwa masu gudana.

A littafinsa na 1687, Isaac Newton ya aza harsashin fahimtar abubuwa irin su ruwan sha da man gyaɗa, waɗanda kaurinsu ba ya sauyawa komai ƙarfin da aka juya su. Sai dai akwai masu saɓa wa wannan ƙa'ida, kuma kamu na cikinsu.

Gwajin ba ya bukatar ɗakin bincike. A sami sitacin masara kofi biyu, a zuba ruwan sanyi kimanin kofi ɗaya, a cuɗa a hankali. Ka naushe shi, hannunka ya tsaya a sama. Ka ɗora yatsa sannu, ya nutse. Ka mulmula shi ya zama curi, da ka buɗe tafi ya zube. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin sitacin a cunkushe suke, ruwan da ke tsakaninsu ne ke ba su damar zamewa. In aka matsa su farat ɗaya, sai su cije juna, kamar jama'ar da ta taso wa ƙofa guda a lokaci guda. A guji ruwan zafi, domin shi dafa sitacin zai yi.

Akwai kuma masu akasin wannan hali. Kindirmo na tsinkewa in aka burga shi. Fenti na bin buroshi salin-alin, sannan ya tsaya a bango. Lakar da masu haƙa rijiyar burtsatse ke turawa cikin rami tana gudana in injin na aiki, ta yi kauri in ya tsaya, ta riƙe ɓaraguzan dutse.

Abin da ke damuna shi ne, a ƙaramar hukumar Sabon Gari ne Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da tarihinta ya faro tun 1922. Duk da haka nakan tarar da sababbin ɗalibai sun haddace ma'anar kaurin ruwa kalma bayan kalma, amma ba su taɓa gwada shi da hannunsu ba. Yaron da aka saba masa da hadda kaɗai yakan tashi yana ganin kimiyya kayan baƙi ce.

Ba ina wanke gwamnati daga nauyin samar da kayan gwaji ba ne, haƙƙin nan yana wuyanta. Amma kafin kayan su iso, malamin da ya shiga aji da kwano da sitaci, ya ce wa yara su faɗi abin da suke zaton zai faru, su gwada, su rubuta abin da suka gani, ya riga ya koyar da tushen kimiyya. Ina kira ga ɗalibanmu masu fita koyon koyarwa su fara da wannan a zangon da ke tafe. Gani ya kori ji.